Gudummawa Amana Ce: Hanyoyin Tara Kuɗin Ƙungiya Da Riƙe Masu Bayarwa

Jawabin da Kwamitin Kuɗi da Tsare-tsare ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

  

 

Gabatarwa

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan hanyoyin da ƙungiya irin tamu za ta bi ta tara kuɗin ayyukanta, da kuma yadda za ta zauna da mutanen da ke ba ta. Mun karɓi wannan nauyi ne saboda mu ke riƙe da littafin kuɗi, kuma kunnenmu ya sha jin irin maganganun da ake gaya wa mai riƙe da shi.

Duk wanda ya shigo gari ta hanyar tasha ya wuce ginin ajujuwan nan da ya tsaya a kan linta. Damina bayan damina tana dukansa, yau awaki ne ke kwana a ciki. Da yawa daga cikinmu muna wurin ranar da aka ƙaddamar da gidauniyarsa. An kafa rumfuna, an yi kiɗa, an yi ta shelar miliyoyi a lasifika ana tafi. Abin da ya shiga asusu daga baya bai kama ƙafar abin da aka shelanta ba, wanda ya shiga ɗin ma ba a taɓa tsayawa gaban jama'a an karanta yadda aka kashe shi ba.

Bayan wasu shekaru muka ɗauki takardar neman wata gudummawar muka tafi Legas. A Agege muka sami wani dattijo ɗan garin nan, wanda ya tsufa a fataucin goro. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mana abinci, ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce: "'Ya'yana, kuɗi Allah ya hore. Amma wanda na bayar wancan karon, ina ya kwana?" Muka dubi juna. Babban cikinmu ya ce, "Baba, a yi mana afuwa, ba mu zo da takarda ba." Ya ba mu kuɗin mota, ya ce duk ranar da muka sami amsa ƙofarsa a buɗe take.

Tambayar wannan dattijo ita ce ginshiƙin jawabinmu. Mutum yakan ba ƙungiyar garinsu karo na farko saboda kishin mahaifa, ko saboda kunyar idon jama'a. Karo na biyu kuwa ba ya bayarwa sai an nuna masa inda na farko ya shiga. Saboda haka aikin tara kuɗi ya fi yawa a cikin watanni goma sha ɗayan da ba a yin taro. Ranar ƙaddamarwa ranar girbi ce kawai, kuma wanda bai yi noma ba ba ya zuwa gona da lauje.

Gyaran Gida Kafin Neman Baƙo

Abu na farko shi ne ƙungiya ta zama tana da matsayi a gaban doka. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa al'ummar da asali ko addini ko al'ada ta haɗa za ta iya naɗa amintattu, aƙalla mutum biyu, ta yi masu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Da wannan rajista ne ƙungiya za ta mallaki fili da sunanta, ta buɗe asusun banki da sunanta, ta kai ƙara ko a kai ta. Sai dai rajistar tana tafe da wajibai. Dole ne a riƙa miƙa wa hukumar rahoton shekara-shekara. Ƙungiyoyi da dama sun karɓi satifiket sun rataye a bango sun manta da rahoto, sai ranar da wata babbar gidauniya ta nemi takardunsu sannan ido ya raina fata.

Abu na biyu shi ne asusun banki. Kada ko sisin kwabo na ƙungiya ya kwana a asusun wani mutum, komai amincinsa. Wannan kariya ce gare shi kafin ta zama kariya ga ƙungiya, domin ranar da ya kwanta dama, magadansa ba za su iya bambance nasa da na jama'a ba. A sa masu sa hannu uku, kuma kuɗi kada ya fita sai biyu daga ciki sun sa hannu. Wanda ke karɓa daban, wanda ke rubutawa daban, wanda ke bincike daban. A haɗa saƙon banki da wayar mutum fiye da ɗaya, yadda duk abin da ya shiga ko ya fita ido da yawa za su gani.

Haka kuma mu rage hulɗa da tsabar kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5, kamfani ko ƙungiya mai rajista kuma naira miliyan 10, sai dai ta hanyar banki. Idan babban baƙo ya zo da jaka, a raka shi banki cikin girmamawa. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya koya wa har tsofaffinmu tura kuɗi ta waya da zuwa wurin mai POS. Mu ci moriyar wannan sabo.

Mu San Abin Da Muke Nema

Mutane ba sa jin daɗin ba da kuɗi don "ci gaban gari" haka kawai, domin ci gaba ba shi da tsawo ba shi da faɗi. Abin da ke buɗe aljihu shi ne aikin da ake iya gani da ido: rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a unguwa kaza, rufin ajujuwa uku, kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO na marayu ashirin, gado huɗu a ɗakin haihuwa. Kowane aiki a samo masa ƙiyasi a rubuce daga wanda ya san sana'ar, a nuna buhun siminti nawa, kwanon rufi bandir nawa, ladan magini nawa. Alhamdu lillahi muna da injiniyoyi da masu ƙiyasin gini 'yan garin nan. Ƙwarewarsu ma gudummawa ce, a roƙe su, a kuma rubuta sunansu cikin masu bayarwa.

A nan dole mu yi la'akari da tsadar kaya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, a farkon 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000 a kasuwanni da yawa, wani wurin ma ya haura. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da aka tara aka ajiye ana jiran ya cika, narkewa yake yi kamar ƙanƙara a rana. Darasin da muka koya shi ne a raba babban aiki gida-gida, yadda kowane kashi zai yi amfani ko da na gaba ya yi jinkiri. Aji ɗaya da aka rufa aka sa wa ƙofa yara suka shiga ya fi ajujuwa shida da suka tsaya a linta. Da zarar kuɗin wani kashi ya taru, a sayi kayan da ba sa lalacewa, kamar rodi da kwano, a ajiye a hannun amintacce da rasit.

Su Wa Za Mu Nema?

Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne mu ɗora dukkan fatanmu a kan attajirai uku ko huɗu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu ba mu sun kasu kashi biyar, kuma kowane kashi da irin yadda ake tunkararsa.

Na farko su ne mu kanmu 'yan ƙungiya. Bari mu yi lissafi na misali. A ce mutum 500 sun ɗauki nauyin naira 2,000 a kowane wata. Wannan naira miliyan ɗaya ke nan a wata, miliyan 12 a shekara, ba tare da an kafa rumfa ko an yi hayar kujera ba. Irin wannan kuɗi ya fi albarka domin ana iya tsara aiki a kansa. Ma'aikaci zai iya ba bankinsa umarni a riƙa cirewa duk ƙarshen wata. Kuma shugabanni su fara. Bai dace wanda bai biya nasa ba ya ɗauki takarda ya je ƙofar wani.

Na biyu su ne manoma da masu sana'ar hannu da ke zaune a gida. Kada mu auna gudummawa da naira kaɗai. Manomi da ba zai iya ba da dubu biyar a watan Yuli ba, da kaka zai ba da tiya biyar ta gero ko ma buhu guda ransa fari. Mai tifa zai kawo yashi, magini zai ba da kwana biyu, matasa za su haƙa tushe. Wannan shi ne aikin gayya da muka gada. A rubuta kowanne, a yi masa kuɗi bisa farashin ranar, a karanta shi tare da na masu miliyoyi.

Na uku su ne iyayenmu mata, waɗanda muka daɗe muna gayyata don dafa abincin taro kawai. Alhali kuwa duk garin nan babu wanda ya kai su sanin wannan fanni. Uwar adashi tana riƙe da zubin mutum talatin ba tare da kwamfuta ba, kuma ba ta ɓata kwasar kowa. A wajen biki, mace ta san wadda ta kawo mata gudummawa shekara goma da suka wuce, da abin da ta kawo, kuma ranar da ta tashi nata ba za ta manta ba. Abin da muke kira riƙe masu bayarwa ke nan. A ba su kujeru a kwamitin kuɗi, da cikakken ikon magana.

Na huɗu su ne 'yan garinmu mazauna nesa, daga Sabo ta Ibadan zuwa Zangon Kumasi, daga Makka da Jidda zuwa Ingila da Amurka. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje suka aiko gida a 2023 ya kusa dala biliyan 20. Mafi yawansa na hidimar iyali ne, amma wanda ke nesa yana da ƙishirwar a ce da hannunsa a abin da ya shafi mahaifarsa. Abin da ke hana shi shi ne tsoro, domin da yawansu sun taɓa aiko kuɗin gini aka turo masu hoton ginin wani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Maganin wannan tsoro shi ne hoto da bidiyo a kai a kai, da takardar banki a dandalin WhatsApp na ƙungiya duk wata, da ba su damar su wakilta wanda suka yarda da shi ya je ya duba aiki.

Na biyar su ne manyan gidauniyoyi da hukumomi. Akwai Gidauniyar Aliko Ɗangote da aka kafa a 1994, da Gidauniyar T. Y. Ɗanjuma ta 2009, da shirin ASR Africa na Alhaji Abdussamad Rabi'u da ya fara a 2021, waɗanda duk suka ba lafiya da ilimi muhimmanci. Ofishin jakadancin Japan ma yana da tsarin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma. Irin waɗannan wurare ba a zuwa masu da maroƙi. Takarda suke karantawa: mene ne matsalar, mutum nawa ta shafa, nawa aikin zai ci, wa zai kula da shi bayan an gama, kuma me al'ummar ta sa daga aljihunta. Waɗanda suka yi hulɗa da shirin CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009, za su tuna cewa sai al'umma ta kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aiki, da tsaba ko da kaya ko da ƙwadago. Ashe rubuta yashin mai tifa da geron manomi da muka ambata shi ne mabuɗin wannan ƙofa. Kafin a rubuta wa kowace gidauniya, a binciki irin aikin da take yi da jihohin da take aiki a ciki, kada a kai wa mai sayar da goro cinikin gishiri.

Ranar Ƙaddamarwa

Ba muna cewa a daina taron ƙaddamar da gidauniya ba ne. Yana haɗa zumunci, yana kuma zaburar da masu nauyin hannu. Amma akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu gyara.

Da farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ake sa ran zai ba da kaso mai tsoka, a same shi a gida wata biyu ko uku kafin taro. A tura wanda yake jin nauyinsa, a nuna masa ƙiyasi, a faɗa masa abin da ake fata daga gare shi, a kuma saurari ra'ayinsa. Katin gayyata da aka jefa wa maigadi ba ya kawo miliyan. Zumunta a ƙafa take.

Na biyu, a bambance tsakanin abin da aka bayar da abin da aka yi alkawari. Mai shela ya faɗi kowanne da sunansa. Wanda ya yi alkawari a kai masa takarda nan take ya rubuta adadi da ranar biya da lambar waya, ya sa hannu. Cikin mako guda a aika masa da wasiƙar godiya mai ɗauke da lambar asusu. A naɗa mutum biyu ko uku masu haƙuri da ladabi da aikinsu kawai bibiya. Alkawari kaya ne, amma wani lokaci sai an taya mai shi saukewa: wanda ya ga ba zai iya biya gaba ɗaya ba, a raba masa kashi-kashi. Kuma kada a taɓa fara gini bisa lissafin alkawari. Abin da ke cikin asusu shi ne kuɗi.

Na uku, a kula da abin da taron kansa ke ci. Mun taɓa ganin inda kuɗin rumfa da abinci da anko da kalanda da allunan karramawa ya cinye kaso mai yawa na abin da aka tara. A yanke wa taro iyaka tun farko, a nemi wanda zai ɗauki nauyinsa daban, a kuma bayyana abin da ya ci a cikin rahoto.

Na huɗu, mu yi hattara da shekarar zaɓe. Ɗan siyasa ɗan gari ne, yana da haƙƙin ya taimaki mahaifarsa kamar kowa. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muna da abin lura a ƙasar Kenya, inda tun samun 'yancin kai a 1963 shugaba Jomo Kenyatta ya ɗaukaka tsarin taimakon kai da kai da suke kira harambe, wanda da shi al'ummomi suka gina makarantun sakandare da ɗakunan shan magani masu yawa. A hankali tarukan suka zama fagen nuna isa da neman ƙuri'a, har a 2003 aka yi dokar ɗa'ar ma'aikatan gwamnati wadda ta hana su amfani da muƙaminsu wajen tara irin wannan kuɗi. Mu kafa ƙa'ida tun yanzu: muna karɓa daga kowa, ba ma ɗaga hannun kowa, kuma ba a liƙa hoton ɗan takara a jikin aikin ƙungiya. Ranar da aka ce ƙungiyar nan ta jam'iyya kaza ce, rabin gari ya rufe aljihunsa ke nan.

Zakka Da Sadaka Da Waƙafi

Da yawa daga cikin masu ba mu suna bayarwa ne don neman lada, saboda haka wajibi ne mu kiyaye masu niyyarsu. Zakka tana da mutane kashi takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, ba su yarda a gina kwalbati ko ɗakin taro da ita ba. Idan mutum ya ce abin da ya kawo zakka ce, a rubuta ta a shafi daban, a raba ta ga masu haƙƙi bisa jagorancin malamanmu. Haka nan wanda ya ba da kuɗi don rijiya, kada a karkatar da shi zuwa katangar maƙabarta sai da izininsa, komai kyan aikin.

Muna kuma jawo hankalin masu hali zuwa ga waƙafi, wanda wasu ke kira hubusi. Tarihi ya adana yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Jihohi kamar Sakkwato da Zamfara da Kano sun kafa hukumomin zakka da waƙafi. Shago biyu a bakin kasuwa, ko gona, ko gidan haya da aka mallaka wa ƙungiya da takarda da shaidu, zai riƙa biyan kuɗin gyaran famfo da alawus ɗin malaman sa-kai shekara da shekaru. Wannan ne zai fitar da mu daga yawo da ƙoƙo duk shekara.

Bayan An Karɓa

Nan ne muka fi rauni, nan ne kuma aikin ya fi sauƙi. Duk wanda ya ba da wani abu, ko naira ɗari biyar ce, a ba shi rasit mai lamba da hatimin ƙungiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida take. Don haka kada wani ya ɗauki neman rasit a matsayin rashin yarda.

Sai godiya. Yaba kyauta tukwici. A yi ta da wuri, cikin kwana biyu ko uku, kuma a yi ta yadda mai ita zai ji daɗi. Wani saƙon waya ya ishe shi, wani sai an taka an je, wani kuma, musamman cikin dattawa, ba ya son a ambaci sunansa ko kaɗan. A tambayi kowa, a kuma kiyaye. Lambobin waya da adireshin masu bayarwa amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hana a miƙa su ga wani ba da yardar masu su ba.

Sai rahoto. Duk bayan wata uku a fitar da takarda ɗaya mai shafi guda: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da inda aiki ya tsaya. A rubuta da Hausa, a liƙa a ƙofar fada da bakin kasuwa, a tura wa rassa. Duk shekara a kawo mai binciken kuɗi wanda ba ya cikin shugabanni, a buga sakamakonsa a wannan mujalla. Idan an gama aiki a gayyaci waɗanda suka bayar su zo su gani, domin gani ya kori ji.

Idan kuma abu ya ɓaci, mu riga jita-jita isa wurin mai bayarwa. Ɗan kwangila ya gudu, ko rijiya ta ƙi ba da ruwa, ko farashi ya ninka: a faɗa, a faɗi matakin da aka ɗauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutane suna yafe kuskure, abin da ba sa yafewa shi ne su ji labarin a bakin wani.

Daga ƙarshe, kada a riƙa tunawa da mutum sai ranar da ake neman kuɗinsa. A je masa barka, a je masa jaje, a gaishe shi da salla. Wanda ya saba bayarwa sannan karayar arziki ta same shi, a ci gaba da ajiye masa kujerarsa a gaba. Sauran masu hali suna kallon yadda muka yi da shi.

Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, kwamiti yana roƙon wannan taro ya amince da waɗannan:

1. A sabunta takardun rajistar ƙungiya, a biya duk rahoton da ake bin mu.

2. A rufe karɓar kuɗin ƙungiya ta asusun ɗaiɗaikun mutane, a gida da rassa.

3. A buɗe rajistar masu bayarwa, mai ɗauke da suna da abin da aka bayar da ranar da aka yi godiya.

4. A sa mata aƙalla biyu da matashi ɗaya a kwamitin kuɗi.

5. Kada a ƙaddamar da sabuwar gidauniya sai an karanta cikakken lissafin ta baya a gaban jama'a.

6. Kada a ɗora tubalin sabon aiki sai an rufa ajujuwan hanyar tasha.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, jama'a masu albarka, mun shafe watanni muna tattara tsofaffin rasit da takardun banki na waccan gidauniya. Abin da muka samu mun jera shi, abin da ba mu samu ba mun rubuta cewa ba mu samu ba, kuma an miƙa wa shugaban ƙungiya kwafi domin duk mai son dubawa. Da yardar wannan taro, wakilanmu za su koma Agege da wannan takarda, su zauna gaban dattijon nan su karanta masa ita daga farko har ƙarshe. Ba za su roƙe shi komai ba a wannan zuwan. Bashin amsa muke ɗauke da shi, shi za mu fara biya, kuma irin wannan bashi yana kanmu ga duk wanda ya taɓa sa hannu a aljihu saboda garin nan.